An ce sai an kai "tishu" ɗakin gwaji: mene ne shi, kuma me ake nema a cikinsa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗinki ce a Asawase, nan Kumasi. Makon jiya aka yi wa Mma aiki, aka cire mata wani kullutu a nono. Likita ya ce ba zai faɗi ko mene ne ba sai an kai 'tishu' ɗakin gwaji, mu dawo bayan sati biyu ko uku. Ni dai tishun da na sani shi ne na goge hannu. Ba nama ba ne kawai suka yanko? Tunda sun gan shi da idonsu, me ya hana su gaya mana nan take? Ga maƙwabta kuma suna ta cewa irin wannan abu in wuƙa ta taɓa shi bazuwa yake yi. Don Allah a warware mini."

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba Mma lafiya, ya sa kaffara ne. Tambayarki uku ce a ƙunshe ɗaya: mene ne tishu, me ya sa ganin ido bai isa ba, da kuma maganar wuƙa. Ni ma'aikacin ɗakin gwaji ne a nan Kumasi, a sashen da ake kawo naman da aka yanko daga jikin marasa lafiya, kuma irin kwalbar da aka sa naman Mma a ciki ita ce aikina na kullum. Sai dai kafin in kai ki ɗakinmu, bari mu fara da yadda aka gina jikin ɗan Adam, don in ba a san ginin ba, ba za a gane abin da muke dubawa ba.

Ba ki yi kuskure da tishun goge hannu ba, kalmar ɗaya ce. Asalinta daga Faransanci take, ma'anarta abin da aka saƙa. Takardar ta ci sunan ne daga lallausan yadi, naman jiki kuma ya ci sunan saboda saƙa ne na gaske. Don haka a wannan amsa zan riƙa ce masa saƙa, ke kuwa da kike wuni da yadi a hannu kin fi ɗalibaina saurin kamawa.

Daga zare zuwa riga

In kika je Bonwire kika tsaya kan masu saƙar kente, za ki ga abu hawa-hawa. Akwai audugar da aka kaɗa, akwai zaren, akwai ƙyallen da ya fito daga masaƙa, akwai zanen da aka haɗa daga ƙyallaye da yawa. Jiki ma haka yake. A can ƙasa akwai sinadarai: ruwa, wanda ya kai wajen kashi 60 cikin 100 na nauyin babban mutum, sai furotin, kitse, sukari, gishiri iri-iri. Waɗannan ba su da rai. Rai yana farawa ne a hawa na biyu, wato ƙwayar halitta, wadda a wurin aiki muke ce wa sel. Ita ce zaren. Tana ci, tana fitar da shara, wasunsu suna rabuwa biyu su hayayyafa, kuma tana mutuwa. Wani Bature ɗan Ingila, Robert Hooke, shi ya raɗa mata suna a 1665, da ya duba ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi a madubin ƙara girma ya ga 'yan ramuka jere kamar ɗakunan haya. A jikin babban mutum akwai irinsu wajen tiriliyan 30, kala fiye da 200, kuma mafi yawansu a ƙidaya jajayen ƙwayoyin jini ne.

Ƙwayoyi masu kama da juna, masu aiki ɗaya, in suka haɗu da abin da ke riƙe su, sun zama saƙa. Wannan ne hawa na uku, shi ne tishun da likita ya faɗa. Saƙa iri biyu ko fiye in aka haɗa su suka ba da siffa da aiki, an sami gaɓa: zuciya, hanta, ƙoda, huhu, fata, nono. Gaɓoɓin da ke taimakon juna kan aiki guda su ne tsari, kamar baki da maƙoshi da tumbi da hanji da hanta da suka taru kan narkar da abinci. Littattafan koyarwa sukan ƙirga tsari 11. Dukansu a haɗe kuma su ne mutum, su ne Mma.

Amfanin sanin wannan jeri shi ne cuta takan fara a hawa ɗaya ta bayyana a wani. Babu misalin da ya fi sikila, wadda babu zangon da ba a san ta ba, don a Gana kusan jarirai 2 cikin 100 da ita ake haifarsu. Furotin da ke ɗaukar iskar numfashi a jini sarƙa ce ta ƙananan sinadarai, kuma a sikila ɗaya tak aka musanya, na shida a jerin ɗaya daga sarƙoƙin. Wannan hawa na farko ke nan. Saboda shi, jar ƙwayar jini da ya kamata ta zama kamar faifai mai laushi sai ta lanƙwashe kamar lauje, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon 120. Jinin ya yi ƙaranci, laujunan su toshe ƙananan hanyoyi, ƙashi ya rasa iska ya kama ciwo, saifa ta lalace tun yaro yana ƙarami. Uwa dai abin da take gani yaro ne yana kuka da ƙafa a daren sanyi. A nan Kumasi, a asibitin Komfo Anokye, marigayi Farfesa Kwaku Ohene-Frempong ya jagoranci fara gwajin jarirai tun daga haihuwa a 1995, don a kama abin tun yana hawan ƙasa. Kullutun nono kuma amsarsa tana hawa na biyu da na uku, inda ido ba ya kaiwa. Yawancin ƙwayoyi ba su wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 na milimita ba. Likitan tiyata ya ga kullutu, ya taɓa taurinsa, yana da zato, amma bai ga zaren ba.

Saƙa huɗu

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, mahauci ne, kuma darasina na farko a wannan fanni a kan teburinsa na same shi, ina yaro ina riƙe masa ƙafar rago. Yana sa wuƙa yana rabewa: wannan tsoka, wannan kitse, wannan tantani, wannan guringuntsi, wannan jijiya a jefa wa mage. Da na shiga makaranta na karanta labarin Xavier Bichat, likitan Faransa da ya kafa ilimin saƙar jiki, sai na yi dariya, don aikin Baaba ya yi. Bai yarda da madubin zamaninsa ba. Yanka ya riƙa yi, yana jiƙawa, yana dafawa, yana shanyawa, har ya ware iri 21 kafin ya rasu a 1802 yana ɗan shekara 30. Da madubi ya inganta, sai masana suka tattara su zuwa manyan gida huɗu.

Na farko shi ne shafi, kamar shafin da kike sa wa riga. A littafi sunansa efitiliyam. Duk inda jiki ke fuskantar waje, ko yake da rami ko bututu a ciki, da shi aka lulluɓe: saman fata, cikin baki, cikin hanji, hanyoyin iska, mafitsara, bakin mahaifa. Ƙwayoyinsa a matse suke kafaɗa da kafaɗa kamar sahun Idi, kuma suna zaune kan wata siririyar shimfiɗa da ta raba su da abin da ke ƙasa. Ki riƙe maganar shimfiɗar nan, za mu dawo kanta. Jini ba ya ratsa shafi, daga ƙasa abinci ke tsattsafo masa, shi ya sa ƙujewa ta sama-sama ba ta zub da jini. A huhu falle ɗaya ne siriri don iska ta wuce, a tafin ƙafa kuwa falle bisa falle ne. Duk abin da ke tsattsafo da ruwa a jiki, gumi ko yawu ko nono, daga shafi aka ƙera shi. Nonon mace, in kika bi shi, 'yan jakunkuna ne masu yin madara da bututun da ke kai ta kan nono, duka da shafi a cikinsu, an binne su cikin kitse da zaruruwa.

Shafi shi ke shan gogayya, don haka kullum cikin sabuntawa yake. Na cikin hanji yakan canza gaba ɗaya cikin kwana 3 zuwa 5, na fata wajen wata guda. Inda ake yawan kwafi kuwa nan ake yawan kuskure. Wannan ne ya sa kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na ciwon daji daga shafi yake tashi, na nono da na bakin mahaifa da na hanji duka. Kuma shi ya sa maganin daji na ƙarin ruwa, da yake farautar ƙwayoyi masu saurin rabuwa, yakan zubar da gashi ya sa gyambon baki da gudawa. Shafin lafiyayye ya shafa a hanya.

Na biyu shi ne maɗauri, mai riƙe komai a wurinsa. Shi akasin shafi ne: ƙwayoyin a warwatse suke, abin da ke tsakaninsu shi ne mai yawa, kuma shi ke ba da hali. In tsakanin zaruruwa ne masu ƙarfi, an sami agara da igiyoyin gaɓa. In kamar roba ne, guringuntsi, irin na kunne da hanci da kan gwiwa. In ya sha sinadarin kalsiyam ya daskare, ƙashi. Kitse ma ɗan gidan ne. Abin da ɗalibai ke gardama a kai duk shekara shi ne jini, amma shi ma nan aka sa shi, don ƙwayoyi ne a warwatse cikin ruwa, ruwan kuma ya kai wajen kashi 55 cikin 100 nasa. Babban zaren wannan gida sunansa kolajin, furotin da ya fi kowane yawa a jiki. Kin san shi sarai. Gandar da ake sa miki a kan wake da shinkafa da safe, wadda 'yan gari ke ce wa wele, kusan kolajin ce zalla, kuma shi ne ke sa romon ƙafar saniya ya kama kamar kamu in ya kwana.

Maɗauri shi ne telan jiki. Ko'ina aka yanke, shi ke zuwa ya yi faci, facin nan shi ne tabo. Ɗinkin da ke jikin Mma yanzu, zaren likita riƙe bakin kawai yake yi, ainihin ɗinkin ƙwayoyin maɗauri ne ke yin sa da kolajin, kuma suna bukatar furotin da bitamin C. A ba ta ƙwai, kifi, wake, lemo. Tsohuwar maganar cewa mai rauni kada ya ci ƙwai ba ta da tushe. Wani lokaci telan yakan wuce gona da iri, tabon ya kumbura ya zarce bakin raunin, irin wanda ake gani a kunnen 'yan mata bayan huda, kuma ya fi yawa a baƙar fata. Ƙashi, da yake jini na ratsa shi sosai, yakan haɗe da sabon ƙashi. Guringuntsi babu hanyar jini a cikinsa, shi ya sa gwiwar tsofaffi in ta cinye ba ta komawa.

Na uku tsoka, mai motsi, iri uku. Akwai ta jikin ƙashi, fiye da 600, wadda kike ba umarni in za ki taka keken ɗinki. Akwai mai santsi da ke bangon hanji da mahaifa da hanyoyin jini, ba ta jiran izininki. Ƙarin mahaifa da ya addabi matanmu, wanda ake ce wa faibiroid, daga ita yake, kuma ba daji ba ne. Sai tsokar zuciya, mai bugawa wajen sau 100,000 a yini da dare. Ita kusan ba ta sabunta kanta. In wani yanki ya mutu don jini ya yanke masa, maɗauri ne zai cike gurbin, tabo kuwa ba ya bugawa.

Na huɗu saƙar saƙo: ƙwaƙwalwa, laka, da wayoyin da suka fita daga cikinsu zuwa ko'ina. A nan Hausa takan rikita mu, don kalmar jijiya abu uku take ɗauka. Wadda nas ke nema ta ɗebi jini bututu ce. Wadda ke maƙale a haƙori in ana cin tsire maɗauri ce. Ta uku ita ce wayar saƙo, wadda in kika buge gwiwar hannu kike jin kamar lantarki har ɗan ƙaramin yatsa. Majiyyaci ya ce "ciwon jijiya", sai likita ya yi ta tambaya kafin ya gane wacce. Ƙwaƙwalwa na da ƙwayoyin saƙo wajen biliyan 86, kuma waɗanda suka mutu a shanyewar ɓarin jiki ba sa dawowa, sai dai na kusa su koyi aikin, abin da gashi da motsa jiki ke taimakawa ke nan. Wayar hannu ko ƙafa in ta yanke aka ɗinke takan tsiro, amma a hankali, wajen milimita 1 a rana.

In kina son ganin huɗun a wuri guda, ki duba tumbi ranar Layya kafin a wanke. Cikin nan mai kama da tawul shafi ne, bangon mai kauri tsoka ce, farin tantanin da ke haɗa su maɗauri, wayoyin saƙo kuma suna ciki ko da ido bai gan su ba.

Tafiyar kwalbar Mma

Yanzu ga dalilin sati biyu ko uku. Nama da ya rabu da jiki nan take yake fara narkewa, don haka tun a ɗakin tiyata ake tsoma shi cikin ruwan fomalin, mai warin nan da ke sa hawaye, kuma ruwan ya ninka naman wajen sau goma. Naman nono yana bukatar aƙalla awa 6 a ciki, kada kuma ya wuce awa 72. In ya iso wurinmu, likitan binciken nama zai auna shi, ya shafa wa gefunansa tawada, ya yanyanka, ya zaɓi gutsattsarin da za a duba. Mu kuma mu sa su a na'ura ta kwana tana zuƙe ruwan jikinsu tana maye gurbinsa da narkakken kaki irin na kyandir. Da safe a zuba kowane gutsure a ɗan ƙaramin mazubi, kakin ya daskare. Sai yanka. Injin yankan yana fitar da falle mai kaurin kashi 3 zuwa 5 cikin 1,000 na milimita, gashin kanki ya ninka shi fiye da sau goma. Fallayen kan fito a jere manne da juna kamar ribon, numfashi mai ƙarfi ma yana iya tafiya da su, shi ya sa ba na son a yi mini magana a lokacin. A shimfiɗa su kan ruwan ɗumi su miƙe, a ɗauke da gilashi, a rina da kala biyu: ɗaya ta mai da cibiyar kowace ƙwaya shuɗiya, ɗaya ta mai da sauran ruwan hoda. Sannan ne likita zai zauna da madubi. Aikin hannun kansa kwanaki kaɗan ne. Abin da ke ja shi ne layi, don likitocin wannan fanni kaɗan ne a ƙasar nan, kwalabe kuwa daga asibitoci da yawa suke zuwa, wani lokaci kuma sai an sake yanka ko an ƙara wani rini.

Abin da yake nema shi ne amsar tambayoyin da kin riga kin san kalmominsu yanzu. Daga wace saƙa kullutun ya tashi, kitse ne, maɗauri ne, ko shafin bututun madara? Ƙwayoyin suna nan a sahu masu kama da juna, ko sun zama wata babba wata ƙarama, cibiyoyinsu baƙi ƙirin, suna ta rabuwa? Sai babbar tambaya: suna kan shimfiɗar nan tasu, ko sun huda ta sun gangara cikin maɗauri? Muddin ba su huda ba, ba su da hanyar tafiya. In sun huda, sun isa inda hanyoyin jini da na ruwan kaluluwa suke, shi ya sa likita ke laluba hammata. Tawadar gefe kuma ita ke nuna ko an cire abin duka ko an bar saura. In daji ne, akwai ƙarin rini da ke nuna ko ƙwayoyin suna rayuwa da sinadarin mata, ko suna ɗauke da alamar da ake kira HER2, kuma wannan ne ke zaɓa wa mutum magani. Mata biyu masu kullutu iri ɗaya a ido za su iya tashi da magani daban.

Ba zan iya gaya miki abin da ke kwalbar Mma daga wasiƙa ba, kuma ko gilashin na gabana, ba ni ke yanke hukunci ba, likitan binciken nama ne. Abin da zan iya faɗa shi ne yawancin kullutun nono ba daji ba ne, musamman a 'yan mata. A mace mai shekaru kuwa ba a yi masa sakaci, don dajin nono shi ne kan gaba a cikin dajin da ke kama mata a Gana, kuma da yawa ba sa zuwa asibiti sai ya yi nisa.

Daga nan maganar maƙwabta ta samo asali, a ganina. Mace ta ɓoye kullutu shekara biyu tana shafe-shafe, sai da ya fashe aka kai ta, aka yi aiki, bayan wata shida ta rasu, sai unguwa ta ce wuƙa ce. Alhali ƙwayoyin sun huda shimfiɗa sun kai hanta ko huhu tun kafin likita ya gan ta. Wadda aka cire wa nata da wuri ta warke kuwa ba ta shela, tana can kasuwar Kejetia tana cinikinta, ba wanda ya san an taɓa yi mata aiki. Cire kullutu ko tsakurar ɗan gutsure da allura ba shi ke watsa daji ba.

Abu ɗaya nake roƙonki, don na ga yadda yake ɓaci. A wasu asibitoci 'yan'uwa ake miƙa wa kwalbar su kai da kansu. An taɓa kawo mini wata bayan kwana tara, cikin kwalbar mayonis, an zubar da fomalin saboda wari an sa ruwan famfo, don maigidan ya ajiye ta yana shawarar ko binnewa ya kamata a yi. Da na yanka na rina, babu cibiyar ƙwaya ko ɗaya da ta rage, hoda ce kawai a shafe. Matar nan an yi mata aiki, ta sha zafi, ta biya kuɗi, amsar kuma ta tafi. Na fahimci mai son binne abin da ya fita daga jikin ɗan Adam, amma a bari a duba tukuna, in ya so a tambayi ɗakin gwajin yadda za a yi da ragowar. Don haka gobe ki bincika: kwalbar Mma ta isa ɗakin gwaji? Ki karɓi rasit mai lamba, ki ɗauki hotonsa a waya. Ranar da aka ce ku dawo ku koma, ko da ɗinkin ya warke sumul Mma tana cewa ta ji sauƙi. Ki nemi kwafin sakamakon, ki ce likita ya nuna miki layin da ya faɗi irin saƙar da layin da ya yi maganar gefuna. In kuma kafin ranar wurin ya yi ja, ya kumbura, yana fitar da ruwa, ko zazzaɓi ya kama ta, kada ku jira sati biyun, ku kai ta a ranar.